Mun Tafi Mu Biyu, Mun Dawo da Inna

Laraba: Ƙaura zuwa Shinkafi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka kulle gidanmu na garin Ƙaura, ni da maigidana Malam Sanusi. Wata takwas ke nan da aurenmu, kuma wannan ne karo na farko da za mu zaga dangi tare. Shi malamin firamare ne, an ba su dogon hutun damina. Ni ɗinki nake yi a gida, na kammala kayan mutane tun ranar Litinin.

Kayanmu jaka biyu ne, da tabarma, da risho, da wani tanti mai cin mutum biyu da Malam ya sayo wurin masu gwanjo. Ranar da ya kawo shi na yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in na ga yadda gidajen dangi ke cika ranar taro, maza a zaure, mata goma a ɗaki guda, zan gode masa.

Mun isa tasha da wuri, amma direba ya ce ba inda za shi sai gari ya waye sarai.

"Malam, hanyag ga ba a yi mata sammako yanzu," in ji shi. "Bari na Shinkafi su fara isowa, mu ji lahiyar hanya."

Bakwai da kwata motar farko ta shigo, muka tashi. Mu shida a ƙaramar mota, ga buhunan taki a baya. Shinge huɗu muka wuce. A na uku soja ya taɓa jakar tantin, ya tambayi abin da ke ciki. Malam ya ce ɗakin amarya ne. Ya sa aka buɗe, ya duba, ya yi murmushi ya ɗaga mana hannu. Tara saura minti goma muka sauka Shinkafi.

Alhamis: suna a gidan Yaya Balki

Yayata Balki ce ta haihu, ɗa namiji, aka sa masa Abdurrahman. Suna ya faɗo ranar kasuwa, don haka duk wanda ya zo cin kasuwa daga ƙauye sai ya biyo ta gidan. Kafin azahar babu inda za a aje ƙafa. Mun kafa tantinmu a bayan gida, gindin dalbejiya, mata suka yi ta zuwa leƙe. Wata gwaggon mijin Yaya ta sa kai ciki ta fito tana salati.

"Nan za ku kwana, awa Hilani?"

Na ce nan ne, Gwaggo. Ta ce to Allah shi tsare mu da kunama. Da gari ya waye ita ce ta fara yi mini ƙorafin zafi da minsharin da suka hana ta barci a ɗaki.

Juma'a da Asabar: Badarawa

Bayan an sauko masallaci muka hau babura biyu zuwa Badarawa, wurin Kawu Isa, ƙanen mahaifiyata. Burin Malam tun daga gida shi ne mu kwana bakin gulbi. Kawu ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce:

"Sanusi, da can mu ma mun yi. Yanzu kowa na shigowa gari kahin la'asar. Ku yi yininku can, kwana dai cikin gida."

Ba mu yi musu ba. Asabar da hantsi muka bi shi gona, tafiyar minti ashirin a ƙasa. Gero ya fi tsawon mutum, ya fitar da kai, ko'ina kore shar. Na karɓi hauya na gwada noma, kunya ɗaya na yi bayana ya ce ya isa. A bakin gulbi Malam ya jefa ƙugiya sa'a biyu cur, ya kamo tarwaɗa ɗaya da ba ta kai tafin hannu ba. Wani masunci ya tausaya mana ya ba mu karfasa uku. Na hura wuta da kirare na gasa su, muka ci da hoce, gasasshen abincin garin dawa da matar Kawu ta ƙunso mana. Ban taɓa jin daɗin abinci kamar na ranar ba.

Lahadi: Zurmi zuwa Birnin Tsaba

Takwas na safe muka bar Badarawa. Mota biyu muka canza kafin Zurmi, muka isa sha ɗaya da rabi. Muka sha fura da nono a tasha, na sayi goro da sabulu na tsaraba, sannan muka sake hawa babura zuwa Birnin Tsaba. An yi ruwa kwana biyu a jere a yankin, sau uku muna sauka mu taka saboda taɓo.

Nan ne gabana ke faɗuwa tun daga gida. Inna Mairo, kakar Malam ta wajen uba, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ba ta zo bikinmu ba saboda ciwon ƙafa, kuma an gaya mini ba kowa take sakar wa fuska ba. Mun same ta a ƙofar ɗakinta tana tsinke zogale, 'yar tsohuwa ƙarama, sanda a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce ɗiyar birnin? Kin iya daka?"

Na ce ina taɓawa, Inna. Ta nuna mini turmi da sandarta. Ko mayafi ban cire ba na kama taɓarya. Da na gama ta murza garin a yatsa, ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba.

Litinin: ranar ruwa

Dangi sun taru don saukar Alƙur'ani da addu'ar shekara ta marigayi mijin Inna. Ɗanta Baffa Garba, ƙanen mahaifin Malam, shi ke riƙe da gidan. Tun daren Lahadi muka kafa tantinmu a gefen tsakar gida. Da safe na shiga share ɗakin Inna, ɗakin ƙasa ne mai rufin azara. Da na janye buhun da ke jingine a bangon gabas, sai na ga tsaga tun daga sama har ƙasa, hannuna na shiga ciki, ƙasar kuma jiƙe take. Na kira Malam, shi kuma ya kira Baffa.

"Mun sani," in ji Baffa. "Tun farkon damina muke hama da ita ta koma ɗakin matata Hajara, ta ƙiya. Ta ce nan tah haihe mu, nan za a ɗauke ta."

Bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Inna ta ja sandarta ta shige ɗaki. Baffa ya roƙe ta, Malam ma ya roƙe ta. Ta ce ɗakin ya girmi ubansa, bai taɓa cin amanarta ba. Ruwa ya sauko da ƙarfi.

Ban san inda na samo dabarar ba. Na shiga na durƙusa a gabanta, na ce, "Inna, tsoron tsawa nake ji. Malam zai tafi zaure wurin baƙi, ni kaɗai za a bari cikin wancan tantin. Don Allah ki zo ki zauna da ni."

Ta yi tsaki. "Ɗiyan yanzu! Ƙatuwa da ke, tsawa?"

Na ce wallahi ina tsoro. Ban yi ƙarya ba, sai dai ba tsawar nake tsoro ba. Sai ta miƙo mini hannu. Na lulluɓe ta da mayafina, muka ratsa tsakar gida a hankali, ruwa na dukanmu. Muka zauna cikin tanti tana yi mini faɗa, tana ba ni labarin yadda ta taɓa tsallake gulbi da goyo.

Ba mu yi rabin sa'a ba muka ji wata ƙara mai nauyi, ƙasa ta girgiza. Mata suka sa salati. Na leƙa. Bangon gabas ya kwanta, rufin ya bi shi, daidai kan gadon Inna.

Malam ya fito da gudu daga zaure ba takalmi. Ya san tana wurina, amma duk da haka wurin ɗakin ya nufa yana kiran sunanta. Sai da na ɗaga murya na ce ga ta nan. Ya zo ya faɗi a bakin tanti, ya kama ƙafafunta yana kuka kamar yaro. Inna ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon tulin ƙasar, sannan ta ce, "Innalillahi. Ashe ya gaji."

Talata zuwa Alhamis

Kwana uku maza suna tonon ƙasa. An ciro tasoshinta duk sun lotse, da akwatin tufafi, da akushin marigayi ya rabe biyu. Shi kaɗai ta ce a miƙo mata. Ta haɗa ɓarin biyu ta riƙe a cinya har azahar, ba wanda ya yi mata magana.

Ɗakin Hajara, matar Baffa, cike yake da baƙi, don haka ni da Inna muka zauna tanti, Malam ya koma zaure. Laraba da safe ina shafa mata man zafi a gwiwa, ta ce:

"Ke, ba tsawa kike tsoro ba ranan nan."

Na sunkuyar da kai.

"Na sani tun sannan. Na ga idonki, na ce bari in bi yarinyag ga kar ta yi ta kuka gaban mutane."

Ginin ƙasa ba ya yiwuwa da damina, sai kaka. Baffa ya ce ta zauna da su, Malam ya ce ta bi mu Ƙaura a duba mata ƙafa. Ta ƙi duka biyun har ranar Alhamis. Da yamma ta kira ni ta tambaya ko akwai turmi a gidana. Na ce akwai. Ko akwai inda za a ɗaure akuya? Na ce za a samu. Ta ce to, amma ranar da aka fara yankan gero za a maido ta, ko da a kai ne.

Juma'a: komawa gida

Bakwai da rabi muka fito. Baffa ya samo a-kori-kura da za ta kai hatsi Zurmi, aka sa Inna gaba, ni da Malam da akuya muka hau baya. Tantin mun bar wa Baffa ya rufe kayan Inna da shi. A Zurmi muka shiga motar Ƙaura goma da kwata, direban ya ce akuya ma fasinja ce, Malam bai ja ba. A shinge na biyu wani ɗan sanda ya leƙo ya gaishe da Inna, ta tambaye shi ko ya karya kumallo.

Sha biyu saura kwata muka iso ƙofar gidanmu. Na gyara wa Inna ɗaki, ta shiga ta bi bango huɗu tana ƙwanƙwasawa da sanda, ta ɗaga kai ta dubi silin.

"Wanga dai ba ya faɗuwa," ta ce. "Sai dai ba shi da ƙamshin ƙasa. Shimfiɗa mani tabarma waje."

Na shimfiɗa mata a inuwar katanga, na ɗora girki.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya fitar da mu lafiya, ya maido mu da ƙari. Ina gode wa Yaya Balki da Kawu Isa da Baffa Garba da iyalansu, da direbobi da masu baburan da suka yi haƙuri da mu da kayanmu. Ina wannan rubutu Inna na tsakar gida tana kirana, wai tuwon da na tuƙa jiya ya yi ruwa, in zo ta nuna mini.