Alhaji Ladan da Maƙogwaron Motarsa

Duk wanda ya san Alhaji Ladan mai shadda ya san ba ya gaisawa da mai mota sai ya fara gaisawa da motar. Zai kara kunne a jikin bonet, ya lumshe ido, sannan ya ɗago ya ce, "Wagga mura taka yi." Rumfata na jikin tasa a kasuwa, don haka ni na fi kowa shan wannan karatu.

Lokacin da kuɗin mai suka shigo, kowa a Sakkwato na canza mota, shi kuwa ya ce tsohuwarsa ba ta gaza ba, numfashi ne ya yi mata kaɗan. Wai in aka goge cikin bututun da ke kai iska inji, aka faɗaɗa shi, za ta kere sababbin. Bakanikensa ya ce, "Alhaji, ƙarin bai taka kara ya karya ba." Alhaji ya ce, "Kai dai kwance mini."

Haka ya kawo bututun rumfa! Magagari da samfefa a hannu, shadda a gefe. Wata hajiya ta ɗaga yadi ta ga baƙin ƙarfe a jiki, ta yi salati. Ya ce, "Hajiya, sabon zane na, bai kai Kano ba tukuna."

Da aka mayar, ya ɗauke ni gwaji a Sama Road. Wallahi mai keke ya wuce mu, har ya waiwayo ya yi mana sannu. Na ce, "Alhaji, ina ƙarfin?"

"Shina nan ciki, Ummaru."

"To taka mu gani mana."

"Haba! Don mutum na da hatsi rumbu sai shi dahe shi rana guda?"

Shekaru muka yi muna wannan gardama. Ni na ce ƙara kawai ta ƙaru, shi ya ce kunnena ne na talaka.

Sai wata damina, muna gonarsa bayan Arkilla, maciji ya sare ni a ƙafa. Abin da na iya tunawa kaɗan ne: ya cire rawaninsa ya ɗaure mini ƙauri, ya cicciɓe ni, yana ta kiran sunana. Na farka a asibiti. Aka ce a motar ya kawo ni a guje, har shingen sojoji ya ratsa bai tsaya ba, suka biyo shi, da suka ga halin da nake ciki suka taya shi ɗaukata.

Yana zaune bakin gado ba hula, idanu jawur. Da ya tabbatar na gane shi, sai ya matso ya rage murya.

"Ummaru, tsakaninka da Allah, ka ji yadda tat tashi?"

Na ce, "Alhaji, ai a sume nake."

Ya tafa hannu. "Innalillahi! Shaida guda nis samu duk duniya, shi ko ya some!"

Har yau ban san ko gugar nan ta ƙara wa motar wani abu ba. Na dai san mutumin da ke tsoron wuce mai keke ya manta da tsoronsa saboda ni, kuma bai taɓa yi mini gori ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Ladan, Ya yalwata kabarinsa, Ya saka masa da abin da ni ban iya ba. Amin.