Tsugunon Habibu

Jiya na ga ɗan maƙwabciyata ya tsuguna ana tsakiyar wasa, sai ƙanena Habibu ya faɗo mini a rai.

Zamanin juyin juya hali, lokacin da ake kiran kowa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, babu yaron da ake yabo a Zongon Kwatano kamarsa. In muna tafiya, ɗan kaɗan sai ya tsuguna. Fataken shanu suna ta sa masa albarka, wai yaro mai ladabi.

Sai da leɓensa ya yi shuɗi aka je asibiti.

Likita ya tambayi Baba, "Kamarad, yana yawan tsugunawa?"

Baba ya gyara hula. "Ƙwarai. Tarbiyyar gidana ce."

"Ba gaisuwa yake yi ba, numfashi yake nema. Da huda a zuciya aka haife shi, tsugunon ne ke ba shi sauƙi. Ba laifin kowa ba ne, kuma ana gyarawa."

Aka yi masa aiki a ƙasar waje, ya dawo yana gudu. Har Baba ya rasu yana tsokanar Habibu, wai likitoci sun cire masa ladabi.

Na ce wa maƙwabciyata ta kai yaron a duba shi. Ku fa, naku yana tsugunawa ko babu babba a wurin?