Ɗan Fari da Kyamara

Ranar kasuwar Karaye da ta wuce na tsaya gaban shimfiɗar wani dattijo mai sayar da kwalli da zare, sai idona ya faɗa kan 'yar baƙar robar nan mai murfi da ake saka fim ɗin kyamara a ciki a da. Allurai ya zuba a cikinta. Na ɗauka na buɗe na kai hanci, ashe har yanzu da sauran warin nan mai ɗan tsami kamar na sabon takalmin roba. Dattijon ya ce, "Malam, allura ba a shinshina ta, saye ake yi." Na saya, ba don ina da abin ɗinki ba. Warin nan ya mayar da ni tsakar gidanmu na Kurugu, ya kuma taso min da wani tsohon haushi da na zaci ya kwanta.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ne mutum na farko da na gani da kyamara a hannu. Ba sana'arsa ba ce, malamin gona ne, sha'awa ce kawai ta kama shi kamar yadda wasu ke kamuwa da kiwon tantabara. Daga Beli yake tasowa a kan babur, galibi da kaka, lokacin da aka cire gyaɗa gari ya cika da ƙamshin harawa, kyamarar na rataye a wuyansa cikin jakar fata. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ci, shi ke nan. Saboda haka kawu ba ya danna maɓalli sai ya zagaya mutum sau uku, ya dubi rana, ya durƙusa, ya miƙe, ya ce a ɗan matsa hagu. Kafin ya gama, mai murmushi ya gaji ya ɗaure fuska. In fim ya cika sai an sami mai shiga Kano a ba shi ya kai wanki, a yi sati biyu ko uku ana jira, sannan a ga wanda ya rufe ido da wanda aka yanke wa kai.

Ni kuwa na maƙale masa. A wurinsa na haddace dokokin farko: rana a bayanka, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari, ka riƙe numfashi kafin ka danna. Wadda ya fi nanatawa ita ce ta ido. Cewa yake in ba ka sami idon mutum ba, ka yi asarar fim.

To, ni ɗan fari ne. Ku da kuka tashi a ƙauye kun riga kun gane inda na dosa. Ga waɗanda ba su sani ba, a wurinmu uwa kunyar ɗanta na fari take ji: ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta haɗa ido da shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, uwar mahaifina, ita nake kira Inna. Mahaifiyata kuwa Yaya nake ce mata, yadda na ji kawu yana faɗa. Gida ɗaya muke, ƙofar ɗakinta na kallon tamu, amma in tana son magana da ni sai ta gaya wa iska. "A ce wa yaron nan tuwonsa na nan a rufe." Ina tsaye a gabanta fa, kuma ba kowa a wurin sai akuya.

Ban ɗauki abin da zafi ba a lokacin. Tuwona ya fi na kowa mai, ƙuli-ƙulin farko da ya fito daga kasko nawa ne, kuma na san hannun da ke ajiyewa. Kyamara ce ta zo ta mayar da shi matsala.

Ina aji biyar na firamare, wata rana kawu ya duba 'yar lambar da ke saman kyamara ya ga saura hoto ɗaya. Ya rataya min ita a wuya ya ce, "Ɗauki abin da ka fi so a gidan nan. Ɗaya ne tak, kada ka ɓata min." Bayan la'asar ne, rana ta sauko ta yi ja. Mahaifiyata na zaune bakin murhu tana tuyar ƙuli-ƙuli, hayaƙi na tashi hasken na ratsa shi, fuskarta na sheƙi. Har yau, da duk abin da na koya, ban sake samun haske irin wannan ba. Na sa rana a bayana, na manne gwiwar hannu, na riƙe numfashi har ƙirjina ya fara zafi, ina jira ta ɗago. Ta kuwa ɗago. Ta ga wanda ke bayan kyamara. Ƙarar maɓallin da juyawarta tare suka zo.

Bayan sati uku hoto ya dawo daga Kano: ɗankwali, kunne ɗaya, da kasko. Kaskon kam ya fito tar, har ana iya ƙirga ƙuli-ƙulin ciki. Inna ta karɓa ta juya shi sama ta juya shi ƙasa, ta yi dariya har da tari. "Kai mijin banza," in ji ta, "duk matan gidan nan ka rasa wadda za ka ɗauka sai wadda ba za ta kalle ka ba? Ga ni zaune da sabon zane!" Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Bayan rumbu na shiga na yi abina na fito.

Na girma na zama malamin makaranta a Karaye, ciwon hoto irin na kawu ya kama ni, nawa ma ya fi nasa tsanani. In faɗa muku gaskiya, rabin kayan da na tara saboda baiwar Allahn nan, mahaifiyata, na saye su. Na sayi dogon gilashi mai jawo nesa kusa, na laɓe bayan danga kamar maharbi, sai yaran gida suka taru a bayana suna ihun a ɗauke su, ita kuma ta ja mayafi har haɓa. Na sayi ƙafa-uku, sandunan nan da ake ɗora kyamara a kai, na saita ta ta ƙirga goma ta ɗauka da kanta, don kada a ce ni ke riƙe da ita. Ina rugowa na tsaya kusa da mahaifiyata, sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Na sayi filashi, ta runtse ido ta ce a gaya wa yaron nan zai makantar da mutane. Kai, na sha wahalar matar nan.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne autanmu. Wayarsa gilashinta a fashe, idon kyamararta ya sha maiƙo, bai san haske ba bai san inuwa ba. Zai ɗaga ta da hannu ɗaya yana cin rake da ɗayan, ya ce, "Iya, kallo nan!" Sai ta kalla, ta yi dariya har kunne. Hoton a karkace, rabin yatsansa a ciki, amma ga idonta nan biyu a buɗe. A wayar yaron nan na fara ganin wushiryar mahaifiyata sosai, ina da gemu.

Na kai kukana zauren masu sha'awar hoto da muke da shi a waya. Wani ya ce in sa kyamara ta riƙa ɗauka a jere ba tsayawa, wai ko ƙiftawar ido ba za ta kuɓuce min ba. Na gwada, na sami ƙeya goma a jere. Wani ɗan birni ya rubuto dogon bayani, wai in ja ta da hira, in dube ta ido cikin ido, in ba ta dariya har ta saki jiki. Na rubuta masa amsa na goge, na sake rubutawa na goge, daga baya na ce masa na gode.

Da abin ya ishe ni na hau babur na tafi Beli wurin kawu. Ya tsufa, kyamararsa tana cikin akwati ta yi shekaru ba a taɓa ta ba. Ya saurare ni ya ce, "Kawo in ɗauka maka mana, ni ai tana kallona." Na ce a'a, kawu, ba hotonta na rasa ba, ga su nan birjik a wayoyin ƙannena. So nake in buɗe hoto in ga idon da take kallona da shi, ni, ba idon da take wa auta ba. Inna ta rasu, mahaifina ya bi ta, ita kaɗai ta rage, kuma shekaru sun ja. Tsoro nake ji kada ta tafi ban taɓa sanin yadda fuskarta take ba in ni take kallo. Kawu ya murza carbinsa ya ce, "Wannan kam ba a sayar da gilashinsa a Kano."

Kakar bara na haƙura da hoto. Na ce bari in yi bidiyon mahaifiyata tana matsar man gyaɗa da hannu, ko don jikoki, tunda inji ya kusa kashe aikin. Ƙanwata mai bi na ta yarda ta zauna gefe tana yi mata tambayoyi, ita ta maƙala mata 'yar makirfo a bakin mayafi. Na kafa ƙafa-uku, na jingina babban tiren silba a jikin turmi don ya mayar da hasken rana kan fuskarta, na danna ɗauka. Ba a yi nisa ba wata tunkiya ta zo ta ture tiren. Na tsallaka gaban kyamara a fusace, na durƙusa na juya wa mahaifiyata baya, ina fama da tire da dutsen tokara, ina yi wa tunkiya faɗa. Ban kashe kyamarar ba, na manta.

Washegari da na taso daga makaranta na zauna gaban kwamfuta zan yanke wurin in yar. Kyamarar nan tawa da nake cika baki da ita, mai neman fuska ta saita kanta, ashe ina shiga ta saki fuskar mahaifiyata ta cafke tawa. Ga ni nan na cika rabin hoton, gumi, tamoji a goshi, kowane gashin gemu a fili. Can bayan kafaɗata, dishi-dishi kamar ta cikin ruwa, na ga hannunta ya tsaya a cikin kwano. Kanta ya ɗago. Ya juyo gare ni ya tsaya, bai kauce ba. Hoton ya dushe, amma makirfon da ke mayafinta ya ɗauki magana tsaf.

"Ya rame," in ji ta a hankali.

"Wa?" in ji ƙanwata, da gangan.

"Kin san wanda nake nufi. Dubi wuyansa. Har furfura ta fito masa a ƙeya."

"To ki gaya masa mana, Iya, ga shi nan."

"Ke, rufa min baki."

Sai ga ni na miƙe na waiwaya. Kan ya sunkuya, hannun ya koma matsar tunkuza kamar ba a yi komai ba. Na maimaita wurin nan ban san adadi ba. Na yi murna, na yi ƙwalla, sannan haushi ya zo ya rufe su duka. Shekara talatin ina farautar abu, ranar da ya fito fili kyamarata ta zaɓi ta nuna min fuskar da nake gani kullum a madubi.

Na gwada manhajojin gyaran hoto da ake ta yabo. Ɗaya ta goge dushewar tas, ta ƙirƙiro mata idanun wata mata da ban taɓa gani ba, har da gashin ido zara-zara. Nan take na share. Na san kuma shawarar da masu sanin kyamara a cikinku za su ba ni: ka kashe saitin da ke neman fuska da kansa, ka saita da hannu a kan kujerar mahaifiyarka, ka sake juya baya. Kada ku ɗauka ban yi tunanin haka ba. Na je, na saita, komai ya zauna daidai, yatsana na kan maɓalli. Sai na ji kamar tarkon kurciya zan ɗana wa mahaifiyata. Kallon da ta adana shekara arba'in da ɗoriya, ba ta ba ni shi don in sa a allo in nuna wa mutane ba. Na janye hannuna, kuma har yau in na tuna ina jin haushin kaina, ban san ko don na fasa ba ne ko don na yi niyya.

Yanzu zamani ya sake. Matata tun daga ƙofar gida take kwaɗa wa ɗanmu na fari kira da sunansa, su haɗa kunci su ɗauki hoto a waya ta aika wa dangi, ba wanda ya ce uffan. Ban ce laifi ba ne, wani lokaci ma kishin yaron nake ji. Sai dai irin su mahaifiyata sun kusa ƙarewa, kuma ban ga alamar za ta sake hali saboda ni da kayan ƙarafunana ba.

Duk Asabar ina zuwa Kurugu. In mun gaisa ta hanyar duk wanda ke kusa, sai in kafa ƙafa-ukun a tsakar gida, in juya mata baya, in yi ta kwance notin da lafiyarsa ƙalau ina ɗaurewa. Batirin kyamarar yana aljihuna. Wancan satin ƙanwata ta gaji da kallona ta ce, "Malam, wai wannan abin naka kullum a lalace yake?" Na ce mata eh, kuma gyaransa na ɗaukar lokaci.