Mutumin da ya zo Argungu neman sunan yayana

Bana shekara ashirin da rasuwar aminina Malam Manu, ma'aikacin kashe gobara a Birnin Kebbi. Har yau in na ji jiniya sai in ɗaga kai, kamar zan gan shi.

Mutuwa ce ta haɗa mu, zamanin muna cikin jihar Sakkwato. Yayana ya kai bandar kifi Birnin Kebbi, rana tsaka wuta ta kama rumbunan shinkafa a Badariya. Ya kutsa ya jawo wani tsohon maigadi, shi kuwa rufi ya rufto masa. Ba wanda ya san shi a unguwar, "mai kifin Argungu" kawai suke cewa.

Ka'idar aikinsu, in an kashe wuta sai a rubuta rahoto a aika Sakkwato: abin da ya ta da ita, abin da ta ci, da wanda ta kashe. Abokan aikin Manu suka ce ya sa "wani baƙo" ya huta. Ya ƙi. Bayan an yi wa gawa sutura, ya hau babur ya yo Argungu, yana bin bakin gulbi yana tambaya, har ya iske ni ina gyaran komar kamun kifi.

Na kai shi gida. Ya cire hula ya durƙusa gaban Innarmu.

"Inna, ba ni son ki ji ga bakin hanya. Ɗanki ya cika, amma rai ya hidda kahin nashi ya hita. Mi as sunanai?"

Ta ɗago ta dube shi. Sai ta ce, "Sa'idu. Ka rubuta shi da kyau, ɗana."

Sai da ya koma sannan rahoto ya tafi. Da rediyon jiha ta karanta labarin, mun riga mun zauna makoki, kuma da sunansa aka faɗa.

Daga nan ya zama ɗan gida. Zumunta a ƙafa take: ko wace kaka sai ya zo da damin gero, Inna ta cika masa jaka da kifi, mu zauna a inuwa muna hira har la'asar ta yi sanyi.

Yau kafin a janye tiyon kashe wuta hoton gawa ya zaga wayoyi, uwa ta ga ɗanta a hannun maƙwabciya. Ko me Manu zai ce? Ina jin girgiza kai kawai zai yi, ya tambayi hanyar gidan.

Bai bar gida a Gesse, unguwar masu hali, ba, a gidan haya ya rasu. Ranar jana'izarsa na ga fuskokin da ban sani ba, daga Zauro, daga Augie. Na tambayi wani dattijo yaya suke da mamacin.

Ya ce, "Ba mu haɗa komi ba. Shi dai yat taho gidanmu."

Allah ya jiƙanka, Manu. Ina kewarka.