Rewas ɗin Pura Gulizar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Pura Gulizar, wato Gwaggo Gulizar, ƙanwar mahaifina, a gidanta da ke ƙauyenmu na saman garin Coman. Ta tafi dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa a lambunta ba.

Pura, duk wanda ya san ki ya san rewas ɗinki, tsiron dutsen nan da ake cin karansa mai tsami: ganye mai faɗin faranti, jan kara, da furen da ke miƙewa har ƙirjin mutum. Baƙi kan tsaya a bakin katanga su yi ta kallo. Mu 'yan gida mun san inda ya fito.

Muna 'yan mata, ni Nasrin da 'yarki Cinar muka hau dutse tsinkar rewas, kamar yadda kowa ke yi da bazara. Sojoji sun daɗe da tafiya, amma abin da suka binne yana nan. Cinar tana gabana, tana taunar kara tana yatsina fuska don tsami, tana yi mini tsiya wai tafiyata ta tsohuwar jaka ce. Sai ta hango wani tushe mai kauri a gefen hanya. Ta ce, "Wannan na Daye ne," wato ke, mahaifiyarta. Ta ratse, ta taka nakiya. Ni na sauko da ƙafata. Ita maza ne suka sauko da ita a cikin bargo.

Bayan an watse daga zaman makoki kika tambaye ni maganarta ta ƙarshe, na faɗa miki. Da kaka ta yi, kika ɗauki dagi kika hau dutsen ke kaɗai, kina bin sawun awaki don gudun nakiya, kika haƙo tushen nan. Mijinki Mam Sherko ya tare ki a ƙofar gida.

"Gulizar, ɗaya bai ishe mu ba? So kike in binne biyu?"

"Ita ta ce nawa ne. Matsa in wuce."

Kowa ya ce rewas ɗan dutse ne, ba ya zaman gida. Kika haƙa masa rami mai zurfi a inda inuwar yamma ke sauka, kika shimfiɗa tsakuwa don kada ruwa ya kwanta ya ruɓar da saiwa, kika zuba tsohon takin tumaki. Da fari ganye ɗaya ya fitar, ƙanƙane. Kika yi haƙuri da shi har ya cika kusurwar lambun. Ba ki taɓa yankar karansa ba, ba ki kuma bari wani ya yanka ba.

Amma da ya yi ƙarfi, kin riƙa raba saiwarsa da kaka, kina bin gidaje da ita a ƙunshe cikin tsumma. Da hannunki kike dasawa, kina faɗa: "Ga naku nan, ku ci a tsakar gida. Duk wadda na ji ɗanta ya hau dutse, ni da ita ce." Ranar da na maƙwabcinki Kak Rebwar ya ruɓe saboda yawan ban ruwa, kin dube shi kika ce, "Rewas na ba ka, ba agwagwa ba." Kika kawo masa wani.

Da zafi ya yi, ganyen kan bushe ya ɓace, wurin ya koma fili kamar ba a taɓa shuka komai ba. A nan ne kike sauyawa. Shayinki ya huce a gabanki, ki yi ta share wurin da babu abin sharewa. Ba ki dawowa daidai sai jan tsiro ya fasa ƙasa.

Ni kuwa ba ki taɓa yi mini kallon wadda ta dawo ita kaɗai ba. Da aurena ya zo, da yadin da kika ajiye wa Cinar kika ɗinka mini bargo. Har yau na kasa sa rewas a bakina, kuma ba ki taɓa tambayata dalili ba.

Ranar Litinin, jajibirin rasuwarki, na zauna a gefen gadonki. Kika kama wuyan hannuna, idonki a kaina, amma ba ni kike gani ba.

"Cinar, kun sauko?"

Na ce, "Mun sauko, Daye."

"Ke da Nasrin?"

"Mu duka biyun."

"To ku wanke hannu, abinci na kan wuta."

Ba ki ƙara magana ba. Tun ranar, idan na buɗe baki sai in ji kamar muryarta ce ke fita, in rasa wace ce a cikinmu ta amsa miki.

Allah Ya jiƙan ki, Pura. Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada ki da 'yarki a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga Mam Sherko, da 'ya'yanki Hiwa da Dilshad, da duk gidan da hannunki ya taɓa ƙasarsa. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata tamu idan ta zo, amin.