Baba Yosiya da Katangar Gidana

Duk wanda ya taɓa neman a rubuta masa takardar koke a Keffi ya san Baba Yosiya. Shekara ashirin da takwas yana akawun kotu. Da ya yi ritaya sai ya kafa tebur a bakin kasuwa, shi da tsohuwar tafiretar da ya ƙi rabuwa da ita.

Akwai wata kalmar Turanci da yake ji da ita, wai vitiate. Ya ce ana faɗinta ne idan aibi guda ya raunana abu ko ya ɓata shi ɗungurum, kuma gidanta takardun lauyoyi, ba hirar teburin mai shayi ba. Wanda aka aika wa takarda mai ɗauke da ita, ranar tuwo ba ya masa daɗi.

Ita na je nema. Katangata a Angwan Iya ta jiƙe, gindinta yana zaizayewa, ga damina tafe. Na rantse ruwan kwatar maƙwabcina Abdulrahman ne.

“Baba, rubuta wa mai unguwa. Ka sa kalmar nan sau uku.”

“Maman Akram, gishiri ce? Mu je in gani tukuna.”

Halinsa ke nan, ba ya buga abin da bai gani da idonsa ba. Haka muka tako har gida, ina gaba ina sababi, yana baya da lemarsa.

Ya tsuguna, ya caka tsinin lemar a ƙasa, ya bi danshin a hankali. Bai nufi kwatar Abdulrahman ba. Cikin gidana ya shige, har gindin tankina, inda fayif ya tsage yana ta yoyo.

To, da ya ja ni gefe ya raɗa mini mana! Ina! Da ƙarfi ya ce, “’Yata, in na rubuta, ke zan kai ƙara.”

Ashe Abdulrahman yana leƙe ta kan katanga, dariya har da hawaye.

“Yaya, in kawo siminti ko in nemi lauya?”

“Kawo simintin, marar kunya!”

Kafin ruwan farko mun ɗaure fayif, mun yaɓe katanga. Baba Yosiya kuwa sati biyu ban gaishe shi ba. Tsoho da gaskiya, amma ba sirri!