Tanti Safi da Farar Mota

A unguwar Dar es Salam, in ka tambayi gidan marigayi Mu'azu direba, sai an yi ta kallon juna kafin a tuna. Amma ka ce gidan Tanti Safi mai kopto, ko yaron da bai iya ɗaura wando ba zai kai ka har ƙofa. Safiatou ke nan, mutuniyar Tahoua, wadda ta zo Niamey tana amarya, yau ga ta da furfura da ciwon gwiwa da ƙatuwar robar zogale. Kopto dai kwaɗon zogale ne da ƙuli-ƙuli. Sunan na Zabarmawa ne, ta karɓe shi hannu biyu, yajin kuwa na garinsu ne, kuma ba ta rage wa kowa. Da sassafe ake kawo mata ganye daga garake na Saga, ta tsinke, ta dafa, kafin rana ta take ma'aikata da teloli sun yi layi da kwanoninsu. In mutum ya ce yaji ya yi yawa, sai ta ce masa ga randa can.

Allah bai ba ta haihuwa ba, amma bai hana ta ƴaƴa ba. Gidan nan bai taɓa rabuwa da takalman yara a bakin ƙofa ba. Ta riƙi na dangin mijinta, ta riƙi na nata dangin, ta aurar, ta yi wankan jego. Ita kanta riƙo ne ya raya ta. Uwarta ta rasu tana ƴar ƙarama, uban ya riga ya tafi tun tana goye. Ranar sadakar bakwai, da aka shafa fatiha, gwaggonta ta miƙe ta kama wuyan hannunta, ta ce a ɗauko mata ƙunshin kayan yarinya. Shi ke nan. Ba taro, ba shawara. Safiatou ta tashi da wannan a ranta: ɗa ba ya rasa hannun da zai kama shi, kuma ba a zancen wane hannu ne tun mai rai yana raye. Wannan mugun fata ne, kamar mutum ya shimfiɗa wa mutuwa tabarma.

Babbar cikin waɗanda ta riƙa ita ce Balkissa, ɗiyar wan mijinta, wadda yanzu take aiki a wani farmasi, tana aure a Koira Kano da mijinta Ismaël. Autar kuwa Anisa ce, ɗiyar ƙaninta Salisu, ɗan gwaggon da ta riƙe ta, wanda hatsarin mota ya ɗauke shi da matarsa rana ɗaya. Anisa ta zo gidan ba ta gama koyon magana ba. Yanzu tana ajin tsakiyar firamare, ga surutu, ga ƙiriniya, kuma su biyu ne kawai suka rage a gidan.

Da hutun lakwal ya zo, aka rufe makarantu, Balkissa ta kawo wa Anisa tsohuwar ordinatarta, wato kwamfuta, wai ta rage yawon rana. A ciki akwai wani wasa da ake gina gida, a ƙirƙiri mutane, a ba su suna, su ci, su yi barci, su je aiki, su tsufa. Safiatou ta fara da faɗa, ta ce wannan aikin marasa aikin yi ne. Sai wata la'asar tana tsinkar zogale ta saci kallo, ta ga wata ƴar mata a cikin gilashin ta ɗora tukunya a wuta ta tafi wanka.

"Ke! Wagga wace irin mace ce? Ce mata ta komo ta sauke tukunyar nan!"

Anisa ta danna, matar ta dawo. Tun daga ranar Safiatou ta zama mai unguwar garin. Ba ta taɓa na'urar da hannunta ba, hannun ma kullum da ɗanyen ganye, amma ba a auren kowa ko sayen kujera sai da izininta. Ta sa aka ƙera wata tsohuwa mai kallabi aka sa mata suna Gwaggo, da ƴar yarinya mai kitso biyu aka ce Anisa. Sannan ta ce a gina wani gida a tsallaken titi a zuba Balkissa da mijinta, domin ba a barin mutum ba dangi kusa. Ta sa ana kai musu ziyara a kai a kai, don ko a cikin gilashi zumunta a ƙafa take.

Abin da ba wanda ya gaya musu shi ne, mutanen wasan nan ba sa daɗewa. Shekarunsu gudu suke yi. Wata ranar Laraba bayan azahar, tsohuwar cikin wasa tana tsaye a tsakar ɗaki sai ta dafe ƙirji ta sulale ƙasa. Anisa ta ƙwala ihu. Safiatou ta leƙo, ta gane abin da ya faru, ta ma yi ƴar dariya.

"Allah ya jiƙanta, ta huta da ciwon gwiwa. Kwantar da hankalinki, ɗiyata. Yanzu za ki ga Balkissa ta ƙetaro."

Suka zuba ido. Balkissar cikin wasa tana can ƙofar gidanta tana ba furanni ruwa, ko a jikinta. Yarinyar tana kuka ita kaɗai a falo. Can sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin titi, wata mata da jaka a hannu ta fito, ta shiga gidan ba sallama, ta tasa yarinyar gaba har cikin mota. Motar ta bi titi ta ɓace. Hoton yarinyar da ke gefen gilashi shi ma ya ɓace. Gida ya zama kango, fanka tana ta juyawa ba kowa.

Safiatou ta saki baki. Ta goge hannu a zani, ta ɗauki salula ta kira Balkissa tana wurin aiki.

"Ke Balkissa, ashe haka kike? An mutu a gabanki kina ban ruwan hulawa?"

Sai da Balkissa ta gama salati da firgita kafin ta gane zancen wasa ake yi. Ta yi dariya har ta ƙware, sannan ta yi bayani. Dokar wasan ke nan: in ƙaramin yaro ya rasa babba a cikin gidan da yake, hukuma ce ke zuwa ta tafi da shi, ba a sake ganinsa. Wasan bai san gidan tsallake ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya ne. Amma in yaron ya tasa, ya kai kamar ɗan kwaleji, sai a ƙyale shi ya zauna shi kaɗai, ya dafa abincinsa, ya kai kansa makaranta.

"To duka biyun ba mai daɗin ji," in ji Safiatou. "Ƙarami a ba baƙuwa, babba a bar shi da bango. Wanda ya ƙera wanga abu, shi daga sama ya faɗo? Ba shi da gwaggo?"

Ta yi kwanaki tana ba masu sayen kopto labarin, ana ta shan dariya. Ita abin ya zame mata abin hira. Ba ta lura da wuri ba cewa mutum ɗaya a gidan bai yi dariya ba.

Anisa ta rufe ordinatar ba ta sake buɗewa ba. Ƙawayenta suka yi ta kiranta wasa a ƙofar gida, ta ce ba ta zuwa. Yarinyar da sai an yi da gaske take cin rabin kwano, ta koma neman ƙari. Kowace safiya ita ke kawo wa Safiatou maganin tansiyo, wato hawan jini, da kofin ruwa, ta tsaya a kanta sai ta ga ta haɗiye. In Safiatou ta kishingiɗa bayan azahar, sai ta farka ta tarar da idanu biyu a kanta. Da fari ta ji daɗi, ta ce yarinya ta fara hankali. Tsohuwa da son a lallaɓa ta, ai ba ta da na biyu.

Ranar da ta gane, ta dawo daga gaisuwar maƙwabta ne ta ji ƙaurin shinkafa tun daga zaure. Ta tarar da Anisa a gaban murhun gawayi, hayaƙi ya cika mata ido, tana fama da tukunyar da ta fi ƙarfinta. Safiatou ta fizge ta gefe, ta sauke tukunyar, ta buɗe baki za ta yi faɗa. Sai yarinyar ta riga ta.

"Gwaggo, shekara nawa ya rage in shiga kwaleji?"

"Mi ya kawo zancen kwaleji ana batun gobara?"

"In na iya dahuwa, kuma na yi tsawo, ai ba za su tafi da ni ba. Sai su bar ni nan gidanmu."

Safiatou ta zauna a kan turmi, faɗan ya tsere daga bakinta. Ta so ta ce wasa ne, ƙarya ce ta gilashi, a nan ba a haka. Amma wani abu ya taso mata wanda ta yi shekaru ba ta waiwaye shi ba. Kullum in tana ba da labarin kanta, daga hannun gwaggo take farawa. Ta manta kwanakin da suka gabaci hannun. Ta manta yadda ta rakuɓe a bayan rumbu tana kallon matan da ke shigowa gaisuwa, tana tambayar ranta wace ce a cikinsu, ko kuwa babu. Manya duk sun sani, sun kuma ga ba sai an faɗa ba. Ita kaɗai ce ba ta sani ba, kuma tsoron da ta ji a wancan makon ko mutuwar mijinta Mu'azu ba ta ba ta irinsa ba. Tausayin yarinyar ya kama ta, da tausayin waccan ƴar ta bayan rumbu.

Ranar Lahadi ba ta dafa kopto ba. Ta sa Anisa ta yi wanka, suka tari taksi zuwa Koira Kano. Balkissa ta tarbe su da murna, Ismaël ya fito suka gaisa, aka kawo ruwan sanyi. Safiatou ba ta bari an yi nisa da hira ba.

"Ismaël, zauna, kai ma da kai nika. Balkissa, in ta Allah ta kasance gare ni, wa zai riƙi Anisa?"

Balkissa ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Inna, wace irin magana ce wannan? Ko likita ya ce wani abu?"

"Lahiyata lau, sai na ga jikokinki. Tambaya na yi."

"Haba Inna, ai wannan ba abin faɗa ba ne. Kowa ya sani."

"Kowa ya sani ban da mai abin. Faɗi ta ji da kunnenta."

Balkissa ta dubi Anisa, wadda ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido, sai a lokacin ta fahimta. Idonta ya kawo ruwa. Ismaël ne ya fara magana, a hankali, ya ce shi tun ranar da ya auri Balkissa ya san da ƙanwa ya aure ta, kuma gidan nan gidan Anisa ne ko yau ta ga dama. Balkissa ta ce, "Ni ce, Anisa. Ni zan zo. Ko ina tsakiyar aiki zan ajiye in zo, kafin kowa."

Safiatou ta miƙe da ƙyar saboda gwiwa, ta kama wuyan hannun Anisa, daidai inda aka taɓa kama nata, ta ɗora shi a tafin Balkissa ta rufe da nata hannun.

"To kin ji. Amma aro na ba ta, ba kyauta ba. Yanzu sake mini abuna, da sauran ƙarfina."

Aka yi dariya da hawaye a haɗe. Suka ci shinkafa da miya, Safiatou ta ce gishiri bai ji ba, don kada Balkissa ta ɗauka an daina yi mata gyara.

Bayan kwana biyu Anisa ta buɗe ordinatar da kanta. Suka sake gini daga tushe. Wannan karon Safiatou ta ce ba zancen tsallaken titi, tunda mutanen garin nan ba su da kunya, a zuba kowa gida ɗaya. Aka sa Gwaggo, da Anisa, da Balkissa, da Ismaël, ta ci gaba da lissafo dangi har wasan ya ƙi karɓa, ya ce gida ya cika. Ta yi tsaki ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin gidan da ya cika ba, amma a bar su haka nan, ba a gardama da wanda bai da gwaggo.

Hutu ya kusa ƙarewa tsohuwar cikin wasa ta sake faɗuwa, ita ma da la'asar. Anisa ta kalla, ta ce, "Allah ya jiƙanta," kamar yadda ta ji ana faɗa. Balkissar gilashi ta fito daga madafa ta rungume yarinyar. Daidai nan ƙawaye suka ƙwala kira daga waje. Anisa ta zura takalma ta ruga, ko rufe na'urar ba ta tsaya yi ba.

Safiatou ta rage ita kaɗai da robar zogale a gabanta. Ta jawo kujera kusa da gilashin. Ta san dokar, an yi mata bayani, amma duk da haka ta kasa ɗauke ido daga ɗan titin nan na gaban gidan. Hannunta yana tsinkar ganye, idonta yana kan kwana, muryar Anisa tana tashi daga waje tana gardamar wa ya ci wasa. Haka ta zauna tana gadi har aka kira magariba. Farar motar ba ta zo ba. Ta sauke numfashi, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta leƙa ƙofa ta ce wa yarinyar ta shigo haka nan, dare ya yi.